Kwana Goma a Magama Saboda Tsinke

A tashar Tawa na fara sanin mene ne baƙunta. Mutumin da ya ɗauko ni tun daga Maraɗi, wai zai kai ni aikin gini Agadas, ya zaunar da ni wurin wani mai shayi, ya ce in kawo jakata ya saka a mota kafin ta cika. Wayata na ciki, da kayan sawata kala uku. Na shanye shayin na zauna. Aka kira azahar, aka kira la'asar. Mai shayin ne ya gaji da ganina ya ce, "Ɗan Najeriya, tashi ka nemi abin yi. Wanda kake jira ba shi dawowa. Kai ne na uku da ya aje mini bisa bencin nan."

Sunana Rabe. Manomi ne ni, daga wani ƙauye a ƙasar Kusa. Damina biyu gonata ba ta nomu ba saboda mutanen daji, har muka kwashe muka dawo cikin garin Jibiya, ni da matata Hassu da 'ya'yanmu mata biyu, aka ba mu ɗaki ɗaya a gidan kawunta. Zaman cin abincin surukai ne ya fitar da ni.

Kwana huɗu na yi a tashar nan ina dako, ina kwana a barandar masallaci. A na biyar wani mai motar albasa ya ce in ban ƙi rana ba, lambunan Galmi suna neman hannu. Na hau bayan motarsa da rigar da ke jikina.

A Galmi Allah ya haɗa ni da Baba Agali. Buzu ne, tsoho, dogo, mai gadin wani babban lambun albasa. A da makiyayi ne, fari ya cinye masa dabbobi ya bar shi da awaki uku da kare ɗaya. Bai tambaye ni komai ba a ranar farko. Ya dube ni, ya shiga bukkarsa ya fito da wata tsohuwar riga shuɗiya ya miƙo mini, ya dafa shayi a 'yar butarsa, ya ba ni kofin farko. Shi ya yi mini magana wurin mai lambun aka ɗauke ni ban ruwa, kuma a bukkarsa na zauna shekara guda da wata biyar.

Karen shi ne Tsinke. Irin karnukan Buzayen nan ne, dogayen ƙafafu, ciki a ɗame, ja-ja kamar yashi, haƙarƙarinsa duk ana gani ko da ya ƙoshi. Ni kuwa ban tashi da son kare ba. A gidanmu in kare ya leƙo, jifa yake sha. In ya matso kusa da ni sai in tattare rigata.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda tsohon yake wahalar da kansa a kansa. Kullum da an sallame asuba sai ya ɗauki sandarsa su nufi bayan dutse, ya sake shi ya yi ta gudu sai ka ce an harba kibiya. Kuma bai taɓa zuba masa abinci a kwano ba. Sai ya ɗaure shi, ya bi lambu yana ɓoye 'yan guntayen tuwo, wani a gindin zogale, wani ƙarƙashin fasasshen tulu, sannan ya sake shi ya bi da hanci.

Wata rana na yi dariya na ce, "Baba, wannan ai kare ya fi ɗan sarki gata."

Ya ce, "Ba gata ba ne, Rabe, aiki ne. Wanga iri, barewa aka halicce su su bi. In ba ka ba shi aiki ba shi zai nema ma kansa, kuma aikin da zai zaɓa ba zai yi maka daɗi ba. Ƙafa na son gudu, hanci ma na son nashi. In ka gajiyar da ɗaya ka bar ɗaya, ba ka yi komi ba."

Da tari ya kama tsohon, fitar asuba ta gagare shi, sai ya zama ni ke ɗaukar igiyar. Don kunyarsa na fara. Sannu a hankali na ga in na tashi da kewar gida ta danne mini ƙirji, tafiyar nan bayan dutse ita ke sassauta mini. Na ware riga ɗaya ta fita da shi, in na dawo in wanke hannuna da ƙasa da ruwa, in canza kafin salla.

Ciwon ya yi tsanani gab da cirar albasa. Ɗansa ya zo daga Yamai zai kai shi asibiti. Awakin aka sayar, kare kuwa ɗan ya ce ba shi da inda zai ajiye shi, mai lambu ya ce in tsohon ya tafi karen ma ya san inda zai nufa. Ana shirin saka Baba Agali a mota ya kamo hannuna, ya ɗora mini igiyar a tafi, ya naɗe yatsuna a kai da nasa hannun.

"Kai manomi ne," in ji shi. "Wata rana kana komawa gonarka. Tahi da shi. Kada ka bari a kashe shi da jifa."

Na ce, "Na karɓa, Baba."

Bayan sati biyu labari ya zo cewa ya rasu. Allah ya jiƙansa. Na ƙarasa aikin cira, aka sallame mu, na ce gida zan koma.

Wani direban babbar mota, wadda can suke ce wa kamyo, ya yarda ya ɗauke mu a kan buhunan albasa. Abin da ya biyo baya laifina ne, ba na kowa ba. Motar ta lalace a Madawa muka yi yini guda, muka sake tsayawa a Maraɗi, muka yi dogon jira wurin 'yan duwan, wato kwastan, a Ɗan Isa. Duk tsawon kwana biyu da rabi ban sauko da Tsinke ya taka ƙasa da kyau ba, don ina tsoron kada direba ya ga na cika matsala ya sauke mu. Yana ɗaure a saman kaya, rana na dukansa, warin albasa na cika masa hanci. Ina ba shi ruwa, ina cewa ya yi haƙuri. Shi kuwa jikinsa sai rawa yake.

Da hantsi muka shigo Magama, iyakarmu ta Jibiya. Motoci sun yi layi, 'yan acaɓa na ta oda, masu talla na kai da kawowa. Na sauko da shi ke nan ban gama naɗe igiyar a hannuna ba, sai wata zabuwa ta kuɓuce daga kejin wani mai kaji ta tashi fir. Tsinke ya fizge. Ya bi ta tsakanin ƙafafun mutane, ya kifar da tiren mai goro, ya faɗa rumfar wani mai faci. Mai facin ya kai masa shuri, shi kuma ya juyo ya kama shi a ƙwauri.

"Mahaukacin kare! Mahaukacin kare!"

Kafin in isa har an taru da sanduna da duwatsu. Ban san lokacin da na faɗa kansa na rufe shi da jikina ba. Sanda biyu ta sauka a bayana, ina ihu ina cewa, "Wallahi lafiyarsa lau! Ku ji tsoron Allah, amana ce!"

Wata murya ta mace ce ta tsayar da su. Ma'aikaciyar duba dabbobin da ke shigowa ce, mutanen wurin na ce mata Hajiya Likita. Ta fara da mai facin, wanda na ji ana kira Garba. Ta sa aka kawo sabulu da ruwa aka yi ta wanke ciwon, ta sa wani ɗan acaɓa ya kai shi asibiti a fara yi masa allura. Sannan ta juyo kaina.

"An taɓa yi wa karen nan rigakafi?"

"Ban sani ba, ranki ya daɗe. Mai shi ya rasu."

"To, saurara, Malam. Za a tsare shi nan kwana goma. In haukan kare ne, kafin lokacin zai nuna. In ya kai lafiya, in yi masa allura in ba ka takarda ku wuce. Amma in ya tsinke igiya ko ya sake taɓa wani, ba ni da abin da zan ce wa mutanen nan. Harbe shi za a yi. Ka ji?"

Na ce na ji. Direba ya sauke mini ƙullin kayana da rabin buhun albasar da mai lambu ya ba ni, ya yi mini fatan alheri ya wuce.

A bayan ofishinta akwai wani itacen bedi, nan na ɗaure shi, nan na shimfiɗa kwali. Ranar farko bai daina haushi ba. Ya tona rami har ya kai saiwa, ya tauna igiyar har dasashinsa ya yi jini, zafi ya sa yawu na zuba daga bakinsa. Masu wucewa na tsayawa daga nesa suna cewa, "Ka gani ko? Ga alama nan." Da yamma Hajiya Likita ta leƙo ta daɗe tana kallonsa, ta ce, "Yadda yake yi ɗin nan, ni kaina ba zan iya rantsuwa ba."

Na ce, "Hajiya, ba hauka ba ne, ƙunci ne. Kwana uku bai yi gudu ba. Ki bar ni in fita da shi da asuba, kafin mutane su fito."

Ta ce, "Da igiya doguwa, a ƙasan rafin can da ya ƙafe. Kada ka wuce inda masu tsaro za su hange ka. Kuma kai kaɗai."

Washegari na ɗaura igiyar a ƙuguna muka sauka rafi. Shekarata arba'in da uku, rabona da gudu tun ina saurayi. Ban yi nisa ba na zube a yashi ina haki kamar zan amayar da zuciyata. Tsinke ya tsaya yana dubana, ko numfashinsa bai canza ba. Haka muka yi kwana biyu. Ya ɗan rage haushi, amma da rana ta take sai ya dawo da tono da kuka.

A rana ta uku muna dawowa na tarar da Garba zaune a bakin rumfarsa, ƙafa naɗe da bandeji. Tun ranar da abin ya faru nake zuwa ba shi haƙuri, ba ya ko ɗago kai. Yau sai ya ce, "Kai, mai kare. Gudun nan naka ko akuya ba zai gajiyar ba." Ya nuna wani tsohon keke da ke jingine a bango. "Ɗauki wancan. Ka bi hanyar gaɓa, ta fi tauri."

Na dubi keken. Na ce, "Malam Garba, bayan abin da ya yi maka?"

"Ba don kai na yi ba, ba kuma don shi ba. Likita ta ce in ya kai kwana goma lafiya, ni ma hankalina ya kwanta. Ina da 'ya'ya shida. Kullum na farka, kukan karen nan nake saurare in ji ko ya canza."

Keken ya kayar da ni sau biyu a fitar farko, gwiwata ta kuje. A hawa na uku muka daidaita. Tsinke ya miƙe jikinsa, kunnuwa a kwance, ƙafafunsa kamar ba sa taɓa ƙasa, ni kuma ina taka feda iya ƙarfina, iskar safiya na shiga rigata. Muka je muka dawo sau huɗu. Ya sha ruwa ya kwanta, harshe a waje.

Amma bayan azahar ya sake miƙewa yana zagaya itacen. Nan na tuna ban ba hancinsa nasa rabon ba.

Akwai wata dattijuwa mai sayar da tuwo kusa da layin motoci, Inna Tabawa. Na je na roƙe ta ƙanzo. Ta ce, "Kai za ka ci ko shi?" Na ce shi. Ta kankaro mini ƙanzon da 'yan ƙasusuwa, ta kuma zuba tuwo malmala biyu da miyar kuka a wani kwano ta ce, "Wannan kuma na mai kiwonsa ne. Ɗan nan, tun shekaranjiya ban ga ka ci komi ba sai albasa."

Na ari tsofaffin tayoyi huɗu wurin Garba na jera iyakar inda igiya ke kaiwa. Na rufe wa Tsinke ido da rigata, na ɓoye ƙanzo cikin taya ɗaya, na binne ƙashi a yashi, na kife gwangwanaye uku da guntun tuwo ƙarƙashin ɗaya. Na buɗe shi na ce, "Nemo." Ya sa hanci ƙasa. Nan take haushin ya ɗauke. Jelarsa kawai ke kaɗawa, yana bin wari taki-taki, yana tsayawa yana tunani kamar mai lissafin hanya. Da ya ture gwangwanin da ke da tuwo, ya ɗago ya dube ni, sai na ji na yi dariya, karo na farko tun Galmi.

Baba Agali da Buzanci yake masa magana, ni kuwa ban riƙe kalmomin ba. Sai na fara koya masa da Hausa. Zauna. Kwanta. Jira. In riƙe ƙanzo a hannu, ba zan ba shi ba sai ya zauna ya natsu. Kaɗan-kaɗan nake yi, in ya fara gundura in bari. Jira ta fi ba shi wuya. Da na ja da baya taku biyu sai ya taso. Muka yi ta maimaitawa har ya kai taku goma.

A rana ta biyar ya yi barcin rana na farko, ya ɗora haɓarsa a kan ƙafata. Ban janye ba. Daga gindin bedin nan ana hango dogayen ƙarafan sabis na cikin Jibiya. Ina kallonsu ina cewa a ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu Hassu na tankaɗe, 'yan matana na dawowa daga islamiyya. Hawaye ya zubo mini, na bar shi ya zuba don kada in motsa in tashe shi.

Garba ya ce, "Ga waya. Kira iyalinka mana, tafiyar da ba ta kai ta shan shayi ba."

Na ce, "In ce mata me? Shekara ɗaya da rabi, na dawo da rabin buhun albasa da kare, kuma karen ne ya hana ni ƙarasowa?"

Ya girgiza kai ya mayar da wayarsa aljihu.

Ranar bakwai na kusa cin amana. Na tashi da ciwon jiki, da kewar da ban taɓa jin irinta ba. Na ce a raina, mai shi ya rasu, ba mai tambayata, in na tafi su san yadda za su yi da shi. Na ɗauki ƙullina. Don kada ya yi haushi ya tona ni sai na ce masa, "Jira." Na yi taku goma, na yi ashirin, na kai har inda 'yan acaɓa ke tsayawa. Wani ya ce, "Cikin gari?" Sai na waiwaya. Yana zaune daidai inda na bar shi, kunnuwa a tsaye, jikinsa na rawa don son tasowa, amma bai taso ba. Bai taɓa jira mai tsawon wannan ba. Ya ɗauka wasanmu ne, yana jiran in ce masa ya yi daidai.

Na ce wa ɗan acaɓar ya yi haƙuri. Na koma na durƙusa na rungume wuyansa, ban ko tuna wace riga ce a jikina ba.

Ranar kasuwa aka biyo da garken tumaki ta bayan ofis, har ɗan rago ɗaya ya ratso kusa da mu. Na ce, "Zauna." Ya zauna yana 'yar ƙara a maƙogwaro, idonsa a kaina har suka wuce. Da na ɗago, Hajiya Likita na tsaye a taga. Ta juya ta koma ciki.

A safiya ta goma ta fito da 'yar jakarta. Ta duba idonsa da bakinsa, ta sa na ba shi ruwa ya sha a gabanta. Na riƙe kansa ta yi masa allurar, ko motsi bai yi ba. Garba ya ɗago hannu sama ya ce, "Alhamdu lillahi!"

"Shigo ka sa hannu a takarda," in ji Hajiya Likita. "Amma ba za ka shigo mini da shi ofis ba."

Na riga na kwance shi daga bedi, na mayar wa Garba doguwar igiyar da ya ara mini tare da keken, saura guntuwar hannu. Ina waige-waigen wanda zai riƙe mini, sai na ga wata mace tsaye kusa da Inna Tabawa, da hijabi ruwan ƙasa, da ƙwaryar fura a hannu. Ta rame. Ashe Inna Tabawa ce ta bi ta wurin wata 'yar'uwarta har aka gano gidan.

"Baban Asiya," in ji Hassu.

Da ƙyar na ce, "Kun kwana lafiya? Ya yara?"

"Lafiya lau suke. Tun shekaranjiya na sani. Inna ta ce in bari ka cika abin da ka ɗauko." Ta ajiye ƙwaryar, ta dubi Tsinke, ta ɗan ja da baya. Hassu ko ɗan kwikwiyo ta gani hanya take canzawa. Ta naɗe hannunta da gefen hijabi ta miƙo. "Kawo. Je ka ana jiranka."

"Za ki iya?"

"In ya cije ni kai ma ka yi kwana goma wurin kawu."

Na ba ta igiyar, na ce masa ya zauna, na shiga. Na karɓi biro na sa hannu. Da na fito da takardar, na tarar ta sunkuya tana masa magana ƙasa-ƙasa, shi kuma ya karkata kai yana saurare.

"Kai ne ka riƙe mini miji? Dubi ƙafafunka, ko nama babu. To, ka ji da kyau, ɗakina ba ka shiga, randata ba ka leƙawa."

Na yi sallama da Garba da Inna Tabawa, na raba musu albasar, na ɗora sauran a kai. Ba ɗan acaɓar da zai ɗauki kare, don haka muka kama hanyar gari da ƙafa. Da muka ɗan yi nisa na miƙa hannu na ce ta kawo igiyar.

Ta ce, "Bar shi. Kai sha furarka, ta fara tsami."